Gilashin Cikin Ido Mai Gyara Astigmatizim: Lamarin Wani Mai Ɗaukar Hoto a Jos

Mutumin da wannan nazari ya shafa matashi ne ɗan shekara 28, mazaunin Unguwar Rogo a cikin garin Jos, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren biki, suna da walimar saukar karatu. An sakaya sunansa da na asibitin da ya je. Ya zo asibitin ido ne a tsakiyar watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama kuma bukukuwa suka yi yawa, yana kukan abu biyu: idonsa na dama ya yi ja yana masa zafi kamar akwai yashi a ciki, sannan gilashin cikin ido da ya saya da kuɗinsa, wanda ake kira kwantak lens, yana nuna masa abu tangaran na ɗan lokaci, can kuma sai ganin ya koma dishi-dishi ba tare da wani dalili da zai iya faɗa ba.

Tun yana babbar sakandare yake sa tabarau, kuma bai taɓa samun matsala da shi ba sai da ya shiga wannan sana'a. Tabarau yana karo da tagar leƙawa ta kyamara, yana zamewa idan gumi ya keto, yana yin raɓa idan mutum ya baro sanyin waje ya shiga ɗakin taro mai cike da jama'a. Gwajinsa na farko shi ne gilashin da ya saya a wani kantin kayan kwalliya, inda mai kantin ta karɓi takardar tabaraunsa, ta duba lambar farko kawai, ta miƙo masa abin da ya yi daidai da ita. Da wannan bai yi ba, sai ya aika da hoton takardar ga wani mai sayarwa ta intanet, aka kawo masa nau'in torik, wato wanda aka ƙera musamman domin astigmatizim, lambobinsa uku duka sun dace da na takarda. Wannan na biyun ne ya ɗaure masa kai, domin a lissafinsa ya sayi abin da ya dace, kuma a kan takarda haka ɗin ne.

Kafin a bi abin da aka gano, yana da kyau a fahimci abin da lambobin nan uku ke nufi. A gaban ido akwai wata fata garai-garai da ta rufe baƙin ido, likitoci na kiranta koniya, kuma ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Idan lanƙwasarta ɗaya ce ta kowane ɓangare, hasken yana haɗuwa a ɗigo guda. Idan kuwa tana kama da bayan cokali, wanda ya fi lanƙwasa ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, sai hasken ya rabu gida biyu, wani ya haɗu a gaba, wani a baya, mutum ya riƙa ganin haruffa da inuwa a gefensu, fitilun mota da dare kuma su yi masa jela. Wannan shi ne astigmatizim. Thomas Young na Ingila ya bayyana shi a idonsa a shekarar 1801, George Airy kuma ya yi wa kansa gilashin gyara shi a 1825. Lambar farko a takarda tana gyara rashin ganin nesa ko na kusa, ta biyu, wato silinda, tana faɗin girman bambancin lanƙwasar, ta uku kuma tana faɗin kusurwar da gyaran zai kwanta a kai, daga digiri 1 zuwa 180. A tabarau, firam ne ke riƙe wannan kusurwa daram a kan hanci da kunnuwa. A cikin ido babu firam. Gilashin yana yawo ne a kan hawaye, fatar ido kuma tana shafarsa duk lokacin da aka ƙifta.

Awon da aka yi masa ya nuna idon dama -2.50, silinda -1.75, kusurwa 10. Idon hagu kuma -2.25, silinda -0.75, kusurwa 170. Da wannan gyara a tabarau yana karanta layin 6/6 na allon gwajin gani, wato ma'aunin lafiyayyen gani, da kowane ido, abin da ya tabbatar cewa takardarsa ba ta da laifi. Na'urar auna lanƙwasar koniya ta nuna 43.00 da 44.75 a idon dama, wato bambancin 1.75, daidai da silindar da ke takarda, wanda ke nufin kusan dukkan astigmatizim ɗin a koniya yake, ba a ƙwayar cikin ido ba. Wannan bayani zai yi amfani daga baya.

Akwai abin da ya sa mai auna idon ta ƙi tsayawa a nan. Da ta tambaye shi yarintarsa, ya ce ya yi fama da ƙaiƙayin ido mai tsanani har farin idonsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, kuma har yanzu yakan murza ido da bayan hannu idan ƙura ta taso. Wannan irin ƙaiƙayi sananne ne a tsakanin yara maza a ƙasashe masu zafi da ƙura, kuma yawan murza ido yana da alaƙa da wata cuta mai suna keratokonus, inda koniya ke sirancewa ta tsiro gaba, astigmatizim ya riƙa ƙaruwa yana rikicewa shekara bayan shekara. Saboda haka aka ɗauki taswirar koniyar tasa da na'ura. Taswirar ta fito da tsari madaidaici, sama da ƙasa sun yi kunnen doki, babu wurin da ya tsiro. Tsofaffin takardunsa guda biyu da ya zo da su ma sun nuna silindar ba ta motsa ba. A ganina wannan mataki ne da bai kamata a tsallake shi ba ga duk matashin da ya zo da astigmatizim da tarihin murza ido, domin idan keratokonus ne, maganar ba ta zaɓen gilashi ba ce kawai, akwai aikin ƙarfafa koniya da sinadarin ribofilabin da hasken UV wanda ke tsayar da cutar, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an yi da wuri.

Jan idon kuwa dalilinsa ya bayyana da aka ɗiga rinin fuloresin aka haska da shuɗiyar fitila. Ƙasan koniyar dama ta yi ɗigo-ɗigo na ƙujewa, alamar bushewa, hawayensa kuma yana tsinkewa cikin daƙiƙa 6 bayan ƙiftawa, alhali ana son ya kai 10 ko fiye. Da aka juya fatar idon ta sama, an ga ƙananan ƙuraje irin na borin jini. Babu miki, babu farin tabo, wanda shi ne abin da ake tsoro. Ya amsa cewa yakan sa gilashin tun da asuba har ƙarfe sha ɗaya na dare idan akwai dina, sau da yawa barci ya kwashe shi da shi a ido, kuma idan ruwan wanke gilashin ya ƙare yakan ɗauraye kwanonsa da ruwan da 'yan garuwa suka kawo. Ya kuma fito da wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa da aka ba shi a kemis, wadda ta ƙunshi sitirod. Irin wannan magani yana kashe ja cikin kwana ɗaya, shi ya sa mutane ke sonsa, amma yana ɓoye ciwo yana ba ƙwayoyin cuta sarari, kuma idan aka daɗe a kansa yana iya tayar da hawan jinin ido ko ya kawo yanar ido. An auna ƙarfin ruwan idonsa, aka same shi daidai, aka karɓe kwalbar.

Hukuncin ranar farko bai yi masa daɗi ba. An ce ya ajiye gilashin cikin ido gaba ɗaya na mako biyu, ya koma tabarau, ya riƙa ɗiga hawayen roba marar sinadarin adanawa, tare da maganin borin jini na ido safe da yamma. Ya ce, "Likita, wannan ne fa lokacin da muke samun na shekara." Ta ce, "Malam, idon da za ka nemi na shekara mai zuwa da shi ne nake lallaɓawa." An rabu a kan haka.

Da ya dawo a farkon Janairu koniyar ta warke, sai aka shiga ainihin aikin. An fara da sa masa irin gilashin da ya sayo ta intanet, sabo daga cikin leda, aka bar shi ya zauna kamar minti ashirin domin ya daidaita. Kowane gilashin torik yana da wani ɗan zane siriri a gefensa wanda ido ba ya gani sai da fitilar dubawa, kuma a wannan nau'in zanen ya kamata ya tsaya a ƙasa sak, inda ƙarfe shida yake a fuskar agogo. A idon hagu can ya tsaya. A idon dama kuwa ya karkata zuwa hagun mai dubawa da kimanin digiri 20, wato ya yi kashi biyu cikin uku na tafiya daga ƙarfe shida zuwa ƙarfe bakwai, tunda kowace awa a agogo digiri 30 ce.

Digiri 20 ba ya kama da abin damuwa sai an yi lissafinsa. Idan silinda ta kauce daga kusurwarta da digiri 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na astigmatizim ɗin yana dawowa. Idan ta kauce da 20, abin da ke dawowa ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Idan ta kai 30, duka ya dawo, kamar ba a gyara komai ba, sai dai yanzu ya kwanta a wata sabuwar kusurwa da ƙwaƙwalwa ba ta saba da ita ba. Ga mai silinda -1.75, kaucewar digiri 20 tana barin kusan 1.20 ba a gyara ba, kuma wannan ya isa ya saukar da shi daga layin 6/6 zuwa 6/9 ko 6/12. Lambobin da ke jikin kwalin daidai suke, amma gilashin da aka ƙera da kusurwa 10 yana zaune ne a idonsa a kan 170.

Ga irin wannan akwai tsohuwar ƙa'ida da kowane mai auna ido ya haddace: idan zanen ya karkata hagun mai dubawa, a ƙara adadin karkatar a kan kusurwar takarda, idan ya karkata dama, a rage. A nan ke nan sai a nemi gilashi mai kusurwa 30, wanda idan ya juya kamar na farko zai sauka a kan 10. Abin da masu koyo kan manta shi ne sabon gilashin ma zai karkata kamar na da, kuma haka ake so; ba zanen ake ƙoƙarin miƙewa ba, gyaran ake son ya faɗa inda ya dace. Amma ƙa'idar tana da sharaɗi guda, shi ne karkatar ta kasance tsayayyiya. Gilashin da ke juyawa yau 20 gobe 5 ba shi da lissafin da zai kama shi.

A nan ne sana'ar mutumin ta shigo cikin awon. Mai auna idon ta ce ya nuna mata yadda yake riƙe kyamara. Ya ɗaga hannu, ya kwantar da kai a kan kafaɗa kamar yadda yake yi idan zai ɗauki amarya a tsaye, ya runtse idon hagu, ya zare na dama, ya kuma nuna yadda yake kishingiɗa a ƙasa idan yana son ɗaukar shigowar ango daga ƙasa. Aka ce ya zauna a haka na ɗan lokaci, sannan aka sake dubawa nan take. Zanen ya wuce inda yake, kuma sai da ya ƙifta sau da yawa kafin ya dawo. Dalili shi ne gilashin nasa na cikin waɗanda ake kaurara ƙasansu domin su zauna. Matsin fatar ido ne ke yin mafi yawan aikin tura ɓangaren mai kauri zuwa ƙasa, amma nauyi ma yana da nasa rabo, saboda haka idan kai ya kwanta, gilashin yakan bi ƙasa ya bar ido. Ƙari a kan haka, mai leƙen kyamara ba ya ƙiftawa sosai, kuma gilashin da ya bushe a iskar Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 inda hunturu ke busar da leɓe cikin awa guda, yana mannewa a duk inda ya tsaya. Wannan ne asalin ganin da ke zuwa yana tafiya.

Sai aka sauya zuwa wani tsari, wanda ake sirantar da samansa da ƙasansa a bar kauri a gefe biyu, ta yadda fatun ido biyu ne ke riƙe shi suna mayar da shi mazauninsa da kowace ƙiftawa, nauyi kuma ba shi da tasiri sosai. Wannan ya karkata hagu da digiri 10 kawai, kuma ya tsaya a nan ko da an kwantar da kai. Aka zaɓi -2.50, silinda -1.75, kusurwa 20, ya karanta 6/6. An yi sa'a lambobinsa suna cikin waɗanda kamfanoni ke ƙerawa da yawa, domin silindar gilashi mai laushi yawanci tana zuwa ne a -0.75, -1.25, -1.75 da -2.25, kusurwa kuma tana tsallen goma-goma. Wanda nasa ya wuce haka sai an ƙera masa na musamman, ya jira makonni.

Idon hagu ya jawo ɗan taƙaitaccen shawara. Silinda -0.75 tana kan iyaka, kuma mutane da yawa suna wadatuwa da gilashi marar silinda idan an ɗan ƙara ƙarfinsa, ga shi ya fi araha. An gwada, ya karanta allo lafiya, amma da aka kashe fitilar ɗaki aka kunna masa ƙaramin haske ya ce yana ganin jela. Tunda rabin aikinsa da dare ne a cikin fitilun ado, aka ba shi torik a nan ma.

An tattauna wasu hanyoyi biyu aka ajiye su, kuma dalilan ajiyewar suna da muhimmanci. Na farko shi ne ƙaramin gilashi mai tauri mai barin iska ta ratsa. Ta fuskar kyawun gani, shi ne ya fi dacewa da ido irin nasa, domin gilashi mai tauri ba ya bin siffar koniya, hawaye ne ke cike gurbin da ke tsakaninsu, ya shafe kusan kashi tara cikin goma na astigmatizim ɗin koniya, kuma ko ya juya babu abin da ya sauya. Yana kuma daɗewa shekara ɗaya ko biyu. Aibinsa shi ne ƙura tana shiga ƙarƙashinsa, kuma wanda ƙwayar yashi ta taɓa shiga masa ƙarƙashin irin wannan gilashi ya san ba a ci gaba da aiki sai an cire. Mutumin da ke bin ayarin motocin kai amarya a titin da ba kwalta cikin Janairu ba zai jure ba. Na biyu shi ne babban gilashi mai tauri da ke zama a kan farin ido, ya yi rumfa a kan koniya ba tare da ya taɓa ta ba, ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti kafin a sa. Shi ne mafi tsufa a wannan fanni, domin irinsa Adolf Fick ya gwada da gilashin kwalba a Zurich a 1888, tun kafin Otto Wichterle ya samar da mai laushi a Prague a 1961. Ƙura ba ta shigarsa, yana kuma taimakon busasshen ido, kuma da taswirar ta nuna keratokonus da shi za a fara tunani. Amma yana da tsada, masu iya auna shi kaɗan ne, kuma ɗora shi a kan idon da mai laushi ya wadatar wahala ce ba dole.

Sauran maganar ta ruwa ce da kuɗi, kuma su biyun sun haɗu a wuri ɗaya. Ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse duk suna iya ɗauke da wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba, wadda ba ta cutar da mai shan ruwan, amma idan ta maƙale tsakanin gilashi da koniyar da ta ƙuje tana haddasa miki mai raɗaɗi da wuyar magani. Mutumin da ke alwala sau biyar a yini dole a yi masa bayani dalla-dalla, ba a ce masa "ka guji ruwa" a sallame shi ba. An ce ya runtse ido sosai lokacin wanke fuska, ya bari ruwan ya tsane daga gashin ido kafin ya buɗe, ya cire gilashin kafin wanka, kuma kada ya taɓa shi sai hannunsa ya bushe. Kwalli ma, wanda yakan sa ranar Juma'a, an ce ya bar shi ga ranakun tabarau, domin garinsa yana manne wa gilashi.

Game da kuɗi, ya so na wata-wata saboda kwalinsa ya fi sauƙi, ga kayan duka daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma ya bi dala tun bayan sakin darajar naira a 2023. Da aka zauna aka duba yadda yake aiki, sai aka ga ranakun ɗaukar hotonsa Juma'a zuwa Lahadi ne, sauran kwanakin yana gaban kwamfuta yana tace hotuna, inda tabarau ya fi masa lafiya. Gilashin wata yana ƙarewa ne kwana 30 daga ranar da aka buɗe shi, ko an sa ko ba a sa ba, ga kuɗin ruwan wankewa, ga kwanon da ake sauyawa duk wata uku. Na yini ɗaya kuwa ana sawa da safe a jefar da dare, babu kwano, babu abin ɗaurayewa da ruwan garuwa. Ga mai sawa kwana biyu ko uku a mako tazarar kuɗin ba ta da yawa, kuma ta kawar da ainihin ƙofar da haɗari ke shigowa ta cikinta. An tabbatar da zaman na yini ɗayan a idonsa kafin a rubuta, domin sauya kamfani ko nau'i sabon awo ne, ko da lambobin iri ɗaya ne. Wannan shi ne abin da mai sayarwa ta waya ba zai iya yi ba komai gaskiyarsa, kuma shi ya sa auna ido a Najeriya aiki ne na masu rajista da ODORBN, hukumar da ke kula da masu auna ido da masu haɗa tabarau, wadda doka mai lamba 34 ta 1989 ta kafa.

A ziyarar bayan mako biyu ya zo da gilashin a ido tun awa shida, kamar yadda aka umarce shi, domin a ga halinsa bayan ya sha iska. Zanen dama yana nan a digiri 10 hagu, gani 6/6, koniya ba ƙujewa. Ƙorafinsa ɗaya shi ne bayan awa tara ko goma idon yana fara nauyi, sai aka ce ya riƙa ɗiga hawayen roba tun kafin ya ji bushewar, ya sa baƙin tabarau marar lamba idan yana waje cikin hazo, kuma idan biki zai kai dare ya jinkirta sawa har azahar. An maimaita masa cewa duk ranar da ido ya yi ja da zafi, ko haske ya riƙa damunsa, ko gani ya ragu, ya cire nan take, ya sa tabarau, ya zo asibiti a ranar tare da gilashin da ya cire, kada ya biya ta kemis. Ƙurajen fatar idon ba su gama bajewa ba, saboda haka an bar shi a kan maganin borin jinin har damina ta faɗi, yana ɗigawa kafin ya sa gilashi da bayan ya cire. An sa masa ranar dawowa bayan wata shida, da sake ɗaukar taswirar koniya bayan shekara guda, tunda ya amsa cewa murza idon bai bar shi gaba ɗaya ba.